Gogayyar da Ido Ba Ya Gani: Kimiyyar da ke Cikin Gasar Bolin ta Duniya

A harshen Hausa kalmar gogayya tana da fuska biyu. Idan aka ce ana gogayya tsakanin 'yan kasuwa ko 'yan wasa, ana nufin ja-in-ja da neman fifiko. Idan kuwa malamin fiziks ya furta ta a aji, yana nufin turjiyar da ke aukuwa yayin da jikin wani abu ya gogi jikin wani, kamar tayar keke da ƙasa, ko dutsen niƙa da ɗansa. Akwai wani wasa da waɗannan ma'anoni biyu suka haɗu a cikinsa, har ya zamana ba a cin gogayya ta farko sai an laƙanci ta biyu. Sunan wasan bolin. Ɗalibin Dutsin-Ma ko na Kurfi zai yiwu bai taɓa ganinsa ba sai a talabijin, domin a Nijeriya akan same shi ne a wasu wuraren shaƙatawa na Legas da Abuja. Duk da haka, yaron da ya taɓa kora gare a kan rairayi, ko ya murza katantanwa, ya riga ya taɓa ƙa'idojin da ƙwararrun wannan wasa ke cin abinci da su.

Yadda wasan yake

Ana yin bolin ne a cikin zaure, a kan wani siririn titi mai sulɓi. Tsawonsa daga layin iyaka, inda ɗan wasa ke sakin ƙwallo, zuwa abin harin farko mita 18.29 ne, wato kusan tsawon ajujuwa biyu a jere. Faɗinsa kuwa santimita 105 kawai, an raba shi falle-falle na katako guda 39, sannan akwai lambatu a kowane gefe wanda ke haɗiye ƙwallon da ya kauce. A ƙarshen titin ana jera wasu gumagumai goma masu siffar kwalba, waɗanda a nan za a kira su turaku. Tsayin kowane turke santimita 38, nauyinsa kimanin kilo ɗaya da rabi. Jerinsu na kusurwa uku ne: ɗaya a gaba, biyu a bayansa, sai uku, sai huɗu, kuma tazarar tsakiyar kowane da na maƙwabcinsa santimita 30.5. Ƙwallon ba a yarda nauyinsa ya wuce kilo 7.26 ba, faɗinsa kuma bai kai santimita 22 ba.

Wasa ɗaya yana da zango goma, a kowane zango ɗan wasa yana da jifa biyu. In ya kayar da goman duka a jifan farko, ya yi abin da za a kira shara, sai a ba shi maki goma, a ƙara masa abin da ya samu a jifa biyu na gaba. In sai a jifa na biyu ya ƙarasa su, ƙarin da za a yi masa na jifa ɗaya ne. Saboda haka mafi yawan abin da zango ke bayarwa shi ne 30, wasa cikakke kuma 300, wanda ba ya samuwa sai da shara goma sha biyu a jere.

Gasannin duniya

An daidaita dokokin wasan a birnin New York a 1895, lokacin da aka kafa majalisar bolin ta Amurka. A 1952 aka kafa hukumar wasan ta duniya, ta kuma gudanar da gasarta ta farko a Helsinki, babban birnin Finland, a 1954. Wani lauya mai suna Eddie Elias ya kafa ƙungiyar ƙwararru ta PBA a 1958, wadda ta mayar da wasan sana'a, har Earl Anthony ya zama mutum na farko da kuɗin da ya ci a gasanninta suka kai dala miliyan ɗaya a 1982. Gasar cin kofin duniya ta fara a Dublin a 1965. Paeng Nepomuceno na ƙasar Filifin ya ɗauki wannan kofi sau huɗu, a 1976 da 1980 da 1992 da 1996. Nahiyar Afirka ma ta karɓi baƙuncin gasar, a Johannesburg a 1993 da 2011, da Alƙahira a 1997, kuma a 2019 Francois Louw na Afirka ta Kudu ya lashe ɓangaren maza a garin Palembang na Indunusiya. An nuna wasan a gasar Olamfik ta Seoul a 1988 a matsayin gwaji.

Abin lura ga ɗalibin kimiyya shi ne irin mutanen da ke yin fice. Walter Ray Williams ƙarami, wanda ya ci kambun PBA guda 47, fiye da kowa a tarihin babbar gasarta, digirinsa na jami'a a fannin fiziks ne. A 2010 Kelly Kulick ta doke maza ta lashe Gasar Zakaru ta PBA, ta zama mace ta farko da ta yi haka. Da ƙarfin damtse ne ke yanke hukunci, da wuya a ga irin wannan. To, mene ne ke yanke shi?

Dalilin da ƙwararre ba ya jifa kai tsaye

Ƙwallo mai kilo 7 da ke gudun mita 8 a daƙiƙa ya fi turke nauyi fiye da sau huɗu, saboda haka kayar da turke ɗaya ba aiki ba ne. Matsalar ita ce faɗin ƙwallon bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin titin ba. A shara mai kyau, turaku huɗu kacal ƙwallon ke taɓawa. Idan aka ba turakun lamba daga gaba zuwa baya, hagu zuwa dama, mai jifa da hannun dama yakan bugi na 1 da na 3 da na 5 da na 9. Sauran shidan 'yan'uwansu ne ke kayar da su: na 1 ya kwashi na 2 da na 4 da na 7, na 3 ya kwashi na 6 da na 10, na 5 kuma ya kwashi na 8.

Kafin haka ta yiwu, dole ƙwallon ya shiga ta kafar da ke tsakanin turke na 1 da na 3, wadda 'yan wasa ke kira aljihu. A nan dokar Newton ta uku take shigowa: duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai da wanda ya yi. Da ƙwallon ya bugi turke na 1, turken zai ture shi zuwa dama. Idan miƙe ya taho, wannan turi zai kauda shi daga kan turke na 5, a bar wasu a tsaye. Idan kuwa a karkace ya shigo daga dama yana nufin hagu, karkatarsa za ta cinye turin, ya ratsa tsakiyar jerin. Binciken hukumar bolin ta Amurka ya nuna cewa shiga da kusurwar da ta kai kimanin digiri 6 ita ce ke faɗaɗa damar shara.

Ɗalibin da ya san lissafin kusurwa zai iya gwada wannan a takarda. Daga bakin lambatu zuwa aljihu bai wuce rabin mita ba, tsawon titi kuma ya haura mita 18. Ko da mutum ya tsaya a can gefe ya yi jifa miƙe, kusurwar da zai samu ba za ta kai digiri 2 ba. Ke nan babu yadda za a sami digiri 6 sai ƙwallon ya lanƙwasa a kan hanya. Ƙwallo kuwa ba shi da sitiyari. Abin da ke lanƙwasa shi gogayya ce.

Man da ke kan titi

Kafin a fara gasa, wani inji yakan bi titin ya wanke shi, sannan ya shafa masa mai. Man ba shi da yawa, kimanin cokalin shayi huɗu zuwa biyar ne, kuma bisa al'ada ba shi da launi. Asali don kare katako daga ƙujewa aka fara shafa shi, amma a yau shi ne ginshiƙin wasan. Ba a shafe titin duka. Man yakan rufe kusan kashi biyu cikin uku na farko, wato kimanin mita 12, a bar sauran a bushe.

Ƙwararre yakan saki ƙwallon yana murza shi gefe da yatsunsa, ta yadda juyinsa ya saɓa wa inda ya dosa. Daga nan tafiyar ta kasu mataki uku. A matakin farko, kan mai, gogayya ba ta da ƙarfi, sai ƙwallon ya yi ta zamewa kusan miƙe yana ta juyi a banza. A mataki na biyu, da ya taka busasshen wuri, gogayya ta ninka sau da yawa, titin ya kama shi ya ja shi wajen da juyin ke nema, sai a ga ya karya kwana. A mataki na uku zamiya ta ƙare, juyi da tafiya sun daidaita, ƙwallon ya mirgina miƙe cikin sabuwar alƙiblarsa har ya shiga aljihu. Duk wannan yana faruwa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku.

Lissafin wannan tafiya ya girmi gasar kanta. Masanin Faransa Gaspard-Gustave Coriolis ya wallafa littafi a 1835 a kan motsin ƙwallayen biliyad, inda ya bi diddigin yadda ƙwallo mai zamewa yana juyi ke zana lanƙwasasshiyar hanya kafin ya miƙe. Akwai kuma wani sakamako mai ban sha'awa da malamai za su iya nuna wa ɗalibai. Ƙwallon da nauyinsa ya bazu daidai a cikinsa, idan aka tura shi ba tare da juyi ba, gudunsa zai ragu zuwa kashi biyar cikin bakwai na yadda ya fara a lokacin da ya daina zamewa. Wanda ya tashi da mita 7 a daƙiƙa zai mirgina da mita 5, a kan sulɓi ne ko a kan kaushi. Abin da ƙarfin gogayya ke canzawa shi ne nisan da zai yi kafin hakan ta faru. Shi ya sa tsawon mai yake yanke inda ƙwallo zai karya kwana.

Abin da ke cikin ƙwallon

Tarihin ƙwallon bolin tarihin neman ƙarin gogayya ne. Da itace mai tauri aka fara yin sa, sai roba a 1905, sai filastik wajen 1960, sai wani sinadari mai suna yuretan a farkon shekarun 1980. A 1973 wani ƙwararre, Don McCune, ya gano cewa idan ya jiƙa ƙwallonsa a cikin wani sinadari mai narkar da filastik, fatarsa takan yi laushi ta ƙara kama titi. Ya ci gasa shida a wannan shekara. A lokacin babu dokar da ta hana, amma nan da nan aka kafa ta, aka ƙayyade taurin da ƙwallo ba zai gaza ba. A farkon shekarun 1990 aka fito da fata mai ƙananan kafofi da ido ba ya gani, wadda ke tsotse mai kamar yadda sabon tulu ke shan ruwa, don haka takan kama titi fiye da duk waɗanda suka gabace ta.

A tsakiyar ƙwallon zamani akwai wani curi mai nauyi wanda da gangan ba a yi shi kewayayye ba. Mai karatu ya tuna katantanwa: tana juyi a kan tsininta, amma kanta yana kewayawa a hankali. Haka wannan curi ke sa sandar juyin ƙwallon ta riƙa gusawa kaɗan-kaɗan yayin tafiya. Amfanin haka shi ne a kowane juyi sabon wuri ne na fatar, wanda mai bai ɓata ba, ke taɓa titi. Wasu 'yan wasa kuma a salon jifa suka nemi ƙarin juyi. Jason Belmonte na Ostireliya ya fara wasa yana ƙaramin yaro a zauren iyayensa, ƙwallon ya fi ƙarfin hannunsa ɗaya, sai ya saba jifa da hannu biyu. Salon yana ba ƙwallo juyi mai yawa, kuma ya zuwa 2023 ya ci manyan kambun PBA guda 15, adadin da ba wanda ya riga shi kaiwa.

Gwaninta ce ko kayan aiki?

Wannan ci gaba ya jawo muhawarar da ta shafi mutuncin wasan. A zaurukan shaƙatawa akan tara mai a tsakiyar titi, a bar gefe kusan a bushe. Ƙwallon da ya kauce waje sai ya sami gogayya da wuri ya dawo, wanda ya kauce ciki kuma ya zame a kan mai ya ƙi lanƙwasa da yawa, duka biyun su ƙare a aljihu. Titin da kansa yake gyara wa mutum kuskurensa. A 1982 Glenn Allison ya yi wasa uku a jere kowanne 300, jimla 900, a Kalifoniya, amma hukuma ta ƙi amincewa da bajintar bisa hujjar cewa shafin man titin bai cika ƙa'ida ba. Sai a 1997 aka amince da 900 ta farko, wadda Jeremy Sonnenfeld ya yi a jihar Nebraska.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna dalilin wannan tsanani. A ɗauka kowane jifa zaman kansa yake yi. Wanda ke yin shara sau 5 cikin jifa 10, damarsa ta yin goma sha biyu a jere ɗaya ce cikin 4,096. In ya kai sau 6, ta zama ɗaya cikin kimanin 460. In ya kai sau 7, ta koma ɗaya cikin kimanin 72. Wato ɗan taimako kaɗan daga mai ko daga fatar ƙwallo ya isa ya mayar da abin al'ajabi ruwan dare.

Saboda haka a manyan gasanni akan baje man kusan daidai, a kuma riƙa sauya tsawonsa daga gasa zuwa gasa. PBA ta laƙaba wa wasu shafe-shafenta sunayen dabbobi, irin su hawainiya da kunama. A 2013 ta fara zuba wa man shuɗin launi a wasu wasannin talabijin domin 'yan kallo su ga abin da 'yan wasa ke fama da shi.

Bugu da ƙari, man ba ya zama yadda aka shafa shi. Kowane jifa yana kwashe kaɗan daga inda ya bi, ya kuma ja wani zuwa busasshen wuri. Hanyar da ta ba da shara a zango na biyu za ta iya cin amanar mai ita a zango na bakwai. A 2010 hukumar bolin ta Amurka ta ƙaddamar da wani mutum-mutumi mai suna EARL a garin Arlington na jihar Texas, wanda ke iya maimaita jifa iri ɗaya daidai wa daida, aka haɗa shi wasa da ƙwararre Chris Barnes, Barnes ya yi nasara. Maimaita jifa bai wadatar ba a kan titin da ke sauyawa. Ƙwararre yakan lura da inda ƙwallonsa ya karya kwana da turken da ya rage a tsaye, ya fahimci abin da ya faru da man, ya gusa falle ɗaya ko biyu, ko ya sauya ƙwallo. Masu iya magana sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A wannan wasa sai mai ya fara ƙarewa ake sanin gwani.

Darasin a Dutsin-Ma da Kurfi

Matakan nan uku ba a zauren bolin kaɗai suke aiki ba. A kan kwaltar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma, rani yakan tara ƙura da ɗigon man motoci. Ruwan farko na damina yakan taso da su ya shimfiɗa, kwalta ta koma kamar farkon titin bolin. Direba ko ɗan acaɓan da ya danne birki har taya ta daina juyawa ya shiga matakin zamiya, inda karkata kai ba ya sauya alƙibla. Haka zalika nisan da abin hawa ke yi bayan an taka birki yana bin gudu ne a ninke da kansa: wanda ke gudun kilomita 80 a awa yana bukatar ninki huɗu na abin da mai gudun 40 ke bukata kafin ya tsaya. Wannan ilimi ne da rai ya rataya a kansa.

Makarantar da ba ta da cikakken ɗakin gwaje-gwaje ma za ta iya koyar da shi. Ga gwaji biyu.

Na farko: a sami gorunan lemo na roba guda goma iri ɗaya, a zuba wa kowace yashi daidai da 'yar'uwarta, a jera su ɗaya, biyu, uku, huɗu a barandar siminti, da tazara iri ɗaya da aka shata da alli. A jingina katako a kan benci a riƙa sako ƙwallo daga wuri ɗaya, don gudun ya zama iri ɗaya. A yi jifa ashirin ana nufin gorar gaba kai tsaye, ashirin ana nufin aljihu miƙe, ashirin kuma a matsar da katakon gefe a nufi aljihu a karkace. A rubuta adadin da ya faɗi kowane karo, a fitar da matsakaici, a zana jadawali.

Na biyu: a sami tebur mai sulɓi ko fallen gilashi, a shafa wa kashi biyu cikin uku man gyaɗa kaɗan, a bar sauran a bushe. A ɗiga wa ƙwallon boris babba fenti, a tura shi ana murza shi gefe. A lura da inda ya fara lanƙwasa, a auna da ma'auni. Sannan a rage tsawon man a sake, a ƙara shi a sake. Bayan jifa goma ba tare da an sabunta man ba, a duba ko wurin lanƙwasar ya gusa.

Dutsin-Ma tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke horar da malamai, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, saboda haka ɗaliban sakandaren yankin ba su rasa inda za su kai sakamakonsu a duba musu ba. Abin da za su koya ya wuce wasa. Za su saba da sauya abu ɗaya a bar sauran yadda suke, da maimaita gwaji, da yarda da abin da ma'auni ya nuna ko da ya saɓa wa zato. Ita ce hanyar da ƙwararren ɗan bolin ke bi a kowane zango yana karanta man da ba ya gani, kuma ita ce hanyar da injiniyan hanya da mai haɗa magani da mai binciken iri ke bi a wuraren aikinsu. Gani ya kori ji: a tara goruna, a kawo alli da ma'auni, a gwada.